Kumburin Muƙamuƙi da Littafin da ke Cikin Jiki

Iyaye mata na birnin Zazzau sun san wani irin kumburi da ke kama yara. Yaro ɗan shekara shida ko bakwai, lafiyarsa ƙalau, yana wasansa a ƙofar gida, sai a ga kuncinsa ɗaya ya ɗan tashi. A ce ai haƙori ne. A kai shi a cire haƙorin, ko a kira wanzami ya yi tsaga, ko a shafa masa wani abu. Kafin mako biyu sauran haƙora sun soma girgiɗi, fuska ta karkace, wani lokaci har ido ya turo waje. Daga nan sai a fara raɗa a cikin gida, wannan ya ce daji ne, wancan ya ce sammu.

Daji ne kuwa, amma ba hannun kowa a ciki. Likitoci suna kiransa da sunan wanda ya fara bayyana shi, watau Burkitt. Rahotannin da likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello suka buga sun sa shi, tare da dajin ido, a kan gaba cikin ciwon daji na yara da ake gani a Zariya. Yana da saurin girma ƙwarai, gama kumburin yakan ninka kansa cikin kwana ɗaya ko biyu. Amma kuma yana cikin waɗanda suka fi jin magani, in an zo da wuri.

Ba mutum ɗaya ya gano asirin wannan ciwo ba. Likitoci da yawa ne, a ƙasashe dabam dabam, kowa ya buɗe littafin asibitinsa ya nuna wa ɗan'uwansa abin da ya gani. Wannan hali na nuna wa juna littafi shi ne ya girma har ya zama babban abin da binciken ciwon daji ya dogara a kai yau.

Fam 25 da tarin wasiƙu

Denis Burkitt mutumin Ailan ne, likitan fiɗa, mai ido ɗaya, gama ya rasa ɗayan tun yana yaro. Yana aiki a asibitin Mulago da ke Kampala, ƙasar Uganda. A 1957 aka nuna masa wani yaro mai kumburi a muƙamuƙi sama da ƙasa. Ba a daɗe ba ya ga wani irinsa a wani asibiti. Sai ya koma cikin tsofaffin takardun marasa lafiya yana tonowa, ya tara labarin yara 38, ya buga a 1958. Kusan ba wanda ya kula.

Abin da ya yi daga nan shi ne ya kamata mu lura da shi. Ya sami taimakon kuɗi, duka duka fam 25. Ya buga takarda mai hoton yaran, ya aika wajen dubu ta gidan waya zuwa asibitocin gwamnati da na mishan ko'ina cikin Afirka. Tambayarsa guda ce: kuna ganin wannan ciwo a wurinku? Likitoci suka duba littattafansu suka amsa. Duk inda aka ce i, sai ya soka allura a kan taswira.

A 1961 ya ɗauki abokai biyu, Ted Williams da Cliff Nelson, dukansu likitocin da suka yi aikin mishan, suka shiga wata tsohuwar mota ƙirar Ford. Mako goma suna tafiya, mil wajen 10,000, suka ziyarci asibitoci fiye da 50 a gabashi da kudancin Afirka. Suka tarar ciwon yana nan a ƙasa mai zafi da ruwa, amma da an hau tudu mai sanyi sai ya ɓace. Da Burkitt ya zo Afirka ta yamma sai ya ga wani abu kuma. Ciwon ya yi yawa a kudancin Nijeriya inda ruwan sama ke da yawa, amma a wajen Kano, duk da yawan jama'arta, da ƙyar ake ganinsa. Zafi da laima, to, ina abin da ke son waɗannan biyu? Taswirar Burkitt ta yi kama da taswirar inda zazzaɓin cizon sauro ke addabar mutane shekara duka.

Ka lura, ba da wata na'ura aka gano wannan ba. Malaman asibiti ne da suka rubuta suna da shekaru da gari da irin ciwo a cikin littafi, aka kuma yarda aka ba baƙo ya karanta.

A watan Maris na 1961 Burkitt ya yi jawabi a wani asibiti a Landan. Cikin masu sauraro akwai wani mai bincike, Anthony Epstein. Ya ji a ransa lalle akwai ƙwayar cuta a bayan wannan abu, ya roƙa a riƙa aiko masa da ɗan yanki na kumburin daga Kampala ta jirgin sama. Shekara biyu da wani abu yana nema bai samu ba. A Disamba 1963 hazo ya hana jirgi sauka a Landan, saƙon ya makara, ruwan da aka sa tsokar a ciki ya gurɓace. Epstein ya zaci ya ruɓe ne. Da ya duba a madubin likita sai ya ga ƙwayoyin kumburin ne suka warwatsu suna iyo da ransu. Daga nan ya iya renonsu a cikin kwalba, a 1964 kuwa shi da Yvonne Barr da Bert Achong suka ga ƙwayar cutar. Ita ce ta fari da aka nuna tana da hannu a ciwon daji na ɗan Adam, ana kiranta Epstein-Barr.

Nijeriya ma tana cikin labarin. A 1963, a Asibitin Koyarwa na Ibadan, wani likita mai suna Pulvertaft ya rena ƙwayoyin kumburin wani yaro ɗan shekara 11. Zuriyar waɗannan ƙwayoyi tana nan da rai, ana aiki da ita a ɗakunan bincike ko'ina a duniya. A Ibadan ɗin kuma Farfesa Victor Ngu, mutumin Kamaru, ya nuna cewa allurar magani tana narkar da kumburin, kamar yadda Burkitt ya gani a Kampala. A 1972 aka ba su lambar yabo ta Lasker a Amurka, su da waɗansu likitoci.

Warƙar da ta faɗa cikin wani littafi

Sai dai akwai wuyar fahimta a nan. Wannan ƙwayar cuta tana jikin kusan kowa. Fiye da mutum tara cikin goma na manya a duniya suna ɗauke da ita, ba ta kuwa yi musu kome. Me ya sa yaro ɗaya zai kamu da daji, dubbai su tsira? Domin a amsa wannan sai mu leƙa cikin jiki.

Jikin mutum ginin tubali ne, kamar ganuwar Zazzau. Amma tubalansa ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu, suna da rai, suna kuma yaɗuwa ta wurin rabuwa biyu. Su ne ake ce da su ƙwayoyin jiki. A cikin kusan kowace ƙwaya akwai rubutu, wanda masana ke kira DNA. Haruffansa iri huɗu ne kaɗai, amma jerinsu ya kai wajen miliyan dubu uku. A cikinsa akwai umarni wajen 20,000: yadda za a yi jini, yadda za a yi ƙashi, yaushe ƙwaya za ta rabu, yaushe za ta tsaya. An kasa rubutun ƙunshi 46, ƙunshi 23 daga uba, 23 daga uwa. Shi ya sa ɗa ke kama da iyayensa.

Wanda ya taɓa shiga zauren malami a unguwar Kona ko Juma ya ga tsofaffin littattafai na rubutun hannu. Ba a ɗinke su ba. Warƙoƙi ne a jere, a ɗaure su a sa a gafaka. Mai rubutu yakan sa kalmar farko ta warƙa mai zuwa a gindin wadda ya gama, don kada jerin ya rikice. To, a ce ɗalibi yana kwafar littattafai biyu, iska ta taso, warƙar wannan ta faɗa cikin wancan. Duk wanda ya kwafa daga hannunsa zai kwafi kuskuren.

Haka yake faruwa a ciwon Burkitt. A 1972 waɗansu masu bincike a Suwidin suka ga ƙunshi na 14 ya fi yadda ya kamata tsawo a ƙwayoyin kumburin. A 1976 aka gane ƙarin ya gutsuro ne daga ƙunshi na 8. A 1982 aka karanta abin da ke rubuce a gutsuren. Umarni ne da ake kira MYC, ma'anarsa kuwa a taƙaice ita ce, ku yaɗu. A mazauninsa na asali ana karanta shi ne sa'ad da ake bukata, sa'an nan a rufe. Amma ya faɗa kusa da shafin da ƙwayoyin tsaron jiki ke karantawa dare da rana, shafin yin makaman yaƙi da cuta. Saboda haka ƙwayar ba ta ƙara jin an ce tsaya.

Ina sauro ya shigo? Zazzaɓi a kai a kai yana tilasta wa waɗannan ƙwayoyin tsaro su yi ta rabuwa, wanda ya yi ta kwafa da gaggawa kuwa ba ya rasa kuskure. Zazzaɓin kuma yana raunana masu gadin da ke danne ƙwayar Epstein-Barr. Cikin waɗanda suka nuna wannan na biyu akwai likitoci biyu da Zariya ta sani, Brian Greenwood da Hilton Whittle. Sun yi aiki a Jami'ar Ahmadu Bello cikin shekarun 1970, suna fama da sanƙarau da baƙon dauro da zazzaɓi, kafin su koma Gambiya, inda suka buga wannan bincike a 1984. Ashe gidan sauron da uwa ke rataya wa yaranta yana yin aiki fiye da yadda ta sani.

A wannan shekara ta 1984 masana a Kambirij ta Ingila suka karanta rubutun ƙwayar Epstein-Barr daga farko har ƙarshe, haruffa wajen 172,000. A lokacin, babban aiki ne.

Dokar awa 24

Daga ƙaramar ƙwayar cuta aka ɗaga ido zuwa mutum kansa. A 1990 aka soma aikin karanta rubutun jikin ɗan Adam dukansa. Amurka da Ingila ne a gaba, tare da Faransa, Jamus, Japan, daga baya Sin. Aka sanar da kwafin farko a 2000, aka ce an gama a 2003. Kuɗin da aka kashe ya kusa dala miliyan dubu uku.

A ganina abin da ya fi aikin kansa daraja shi ne shawarar da aka yanke a tsibirin Bamuda a 1996. Shugabannin aikin suka amince cewa duk abin da aka karanta za a sa shi a rumbun kwamfuta na kowa da kowa cikin awa 24, ba kuɗi, ba neman izini. Ba kowa ya so haka ba. Akwai kamfanonin da suka so su riƙe rubutun su riƙa sayarwa. Wani kamfani a Amurka ya yi rajistar mallakar umarni biyu masu suna BRCA1 da BRCA2, waɗanda aka gano a 1994 da 1995. Macen da ta gaji ɗayansu da kuskure tana cikin babban haɗarin sankarar mama. Shekaru da yawa kamfanin kaɗai ke yin gwajin a Amurka, a kan fiye da dala 3,000. Sai a 2013 Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke cewa ba mai iya mallakar abin da aka haifi mutum da shi.

Da aka sami rubutun lafiyayyen jiki, sai aka ce to, bari a gwada shi da na ƙwayoyin daji a ga inda aka yi kuskure. A 2006 Amurka ta soma wani babban kundi da ake kira TCGA. Kafin a rufe aikin a 2018 an karanta kumburin marasa lafiya fiye da 11,000, na irin daji 33. Aka ajiye sakamakon inda masu bincike za su samu. Ɗalibi a Samaru ko Shika, in yana da kwamfuta da intanet, yana iya buɗe babban sashe na wannan kundi kamar yadda farfesa a Amurka zai buɗe. Sashen da zai iya tona asirin marar lafiya kuwa sai an nemi izini.

Me aka koya? Abu na fari, sunan gaɓa ba shi ne sunan ciwo ba. A 2012 kundin ya tabbatar cewa abin da muke kira sankarar mama manyan iri huɗu ne, ɗaya daga cikinsu ma ya fi kama da dajin ƙwan mace bisa ga sauran 'yan'uwansa na mama. Shi ya sa mata biyu za su zo da ƙullutu iri ɗaya a ido, likita ya ba su magani dabam. Kada wadda aka ba ƙwaya ta ga kamar an rena ta domin an yi wa maƙwabciyarta ƙarin ruwa.

Na biyu, in an san kuskuren ana iya ƙera magani daidai da shi. Akwai wani dajin jini da ke zuwa daga musayar warƙa tsakanin ƙunshi na 9 da na 22. Wata likita a Shikago, Janet Rowley, ta gane musayar a 1973. A 2001 aka fito da ƙwayar magani mai suna imatinib, wadda ke toshe bakin wannan umarni da ya lalace. Masu ciwon da dā ba su wuce 'yan shekaru, yanzu da yawa suna tsufa. Daga 2003 aka soma ba marasa lafiya na Nijeriya wannan magani kyauta a asibitin koyarwa na Ile-Ife, ta wani shirin taimako.

Sawu a cikin rumbu

Na uku ya shafi kowane gida mai rumbu. A 2013 masana suka tattara rubutun kumburi fiye da 7,000, yawancinsa daga rumbunan da aka buɗe wa kowa, suka sa kwamfuta ta tace. Sai aka ga kowane abu mai lalata rubutun jiki yana barin sawunsa. Taba tana da nata sawu. Zafin rana a fatar Bature yana da nasa. Kamar yadda maharbi ke duban ƙasa ya ce kura ce ta wuce nan, ba kare ba, haka mai bincike ke duban kumburi ya faɗi abin da ya yi ɓarnar. Ba asibiti ɗaya a duniya da ke da marasa lafiya da za su isa a ga wannan. Sai da aka haɗa na kowa.

Ɗaya daga cikin sawun da aka sani na dafin fumfuna ne, irin wadda ke kama gyaɗa da masara in an adana su da laima. Tun 1991 aka ga wannan dafi yana canja harafi guda, a wuri guda, cikin wani umarni mai suna TP53, wanda aikinsa shi ne tsai da ƙwayar da ta lalace. An gan shi a masu dajin hanta a kudancin Afirka da ƙasar Sin, daga baya kuma a Gambiya. In dafin ya haɗu da ciwon hanta irin na B, haɗarin yakan ninka sau da yawa. Mu kuwa ƙasar gyaɗa da masara ce tamu. Gyaɗar da ta yi baƙi ko ɗaci, wadda akan ware a ce a yi ƙuliƙuli da ita ko a ba yara, ita ce ya kamata a zubar. A bar amfanin gona ya bushe sarai kafin ya shiga buhu. Rigakafin ciwon hanta na B kuwa yana cikin alluran jarirai a Nijeriya tun 2004, ana so a yi ta fari da zarar an haihu.

Ina namu sunan?

Yanzu ga abin da ba shi da daɗin ji. Babban littafin nan da duniya ta haɗa, mutanen Afirka kaɗan ne a cikinsa. Wani lissafi da aka buga a 2019 ya nuna cewa cikin mutanen da aka yi manyan binciken gado da jininsu, 78 bisa 100 Turawa ne, 'yan asalin Afirka kuwa 2 bisa 100 kaɗai. Alhali kuwa rubutun jikin mutanen Afirka ya fi na kowace nahiya bambanta tsakanin kabila da kabila. Sa'ad da aka soma wani aiki na duniya a 2002, an ɗibi jinin Yarabawa 90 a Ibadan. Shekaru da dama su ne ke tsayawa a madadin Afirka ta yamma duka, Bahaushe da Bafilatani da Bajju da Babarbare.

Wannan ba zancen alfahari ba ne. In likita ya ga wani harafi dabam a jinin mace daga Tudun Wada, yana so ya san ko cuta ne ko kuwa haka danginta suke tun kaka da kakanni. In ba mutanenta a cikin kundin, ba shi da abin gwadawa.

'Yan Afirka sun tashi a kan wannan. Farfesa Olufunmilayo Olopade, wadda ta yi karatun likita a Ibadan ta koma Jami'ar Shikago, ta daɗe tana mamakin yadda sankarar mama ke kama matan Nijeriya da ƙuruciya, da zafi kuma. Ita da abokan aikinta suka soma bincike a Ibadan a 1998. A 2018 suka buga sakamakon mata 1,136 masu ciwon. Wajen ɗaya cikin bakwai ta gaji kuskuren ne daga iyaye, yawanci a BRCA1 ko BRCA2. Wannan adadi ne mai yawa. Suka kuma gwada kumburin matan Nijeriya da na matan Amurka da ke cikin kundin TCGA, suka ga kuskure a TP53 ya fi yawa a namu. Da ba a buɗe kundin ba, da ba su sami abin gwadawa ba.

Akwai kuma shirin H3Africa, wanda aka kafa a 2010 domin masanan Afirka su yi binciken da kansu, a ajiye jinin kuma a Afirka. Ɗaya daga cikin ma'ajiyansa yana Abuja. A 2020 suka karanta rubutun mutum 426 daga kabilu 50, har da Birom na Filato. Cikin waɗannan 'yan mutane kaɗai aka sami bambance bambance fiye da miliyan uku waɗanda ba a taɓa rubutawa ba. Ciwon Burkitt ma an koma kansa, a 2019 aka buga cikakken rubutun kumburin yara, har da na Uganda, ƙasar da labarin ya soma.

Zariya ba baƙuwa ba ce ga aikin rubuta marasa lafiya. Likita Miller ya zauna cikin birni a 1905 yana ba da magani, kafin mishan ta koma Wusasa a ƙarshen shekarun 1920, inda asibitin St Luke yake. Daga Wusasa aka sami Dokta Barau Dikko, likita na fari ɗan Arewa. Farfesa Ishaya Audu, likitan yara wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, shi ma a can ya yi makaranta. Farfesa George Edington, wanda ya kafa rajistar ciwon daji ta Ibadan a 1960, daga baya ya zo Zariya ya koyar, an kuwa riƙe irin wannan rajista a Zariya cikin shekarun 1970. Asibitin koyarwa ya tashi daga Tudun Wada ya koma Shika a 2005, can ne kuma ake kai masu ciwon daji daga jihohi da yawa na Arewa. Amma rajista ba ta rubuta wanda bai zo ba. Matar da ta ɓoye ƙullutu a ƙarƙashin zane har ta rasu a ɗakinta a cikin birni, ba ta shiga lissafin kowa ba. Gwamnati kuwa da lissafi take sayen na'ura da magani.

In an miƙo maka takarda

Mutanenmu suna da dalilin yin ɗari ɗari in an ce za a ɗibi jini domin bincike. Ba a manta da abin da ya faru a Kano a 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, sa'ad da wani kamfanin magani na Amurka ya gwada sabon magani a kan yara wajen 200. Yara 11 suka mutu, iyaye suka ce ba a bayyana musu gwaji ne ba, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Bayan wannan Nijeriya ta fito da ƙa'idar bincike a kan mutane a 2007. Kowane bincike sai kwamiti ya duba ya yarda, kowane mutum kuma sai an nemi yardarsa.

Saboda haka in kai ko wani naka yana jinya aka ce ana so a ajiye jini ko yankin kumburi domin bincike, kana da iko ka yi tambaya. Ka ce a bayyana maka da Hausa. Ina za a ajiye shi? Za a fitar da shi ƙasar waje? Za a cire sunana? In an ga wani abu da ya shafi 'ya'yana, za a faɗa mini? In na sāke shawara, zan iya janyewa? In ka ƙi, ba a da ikon hana ka magani. Ka tuna kuma rubutun jikinka ba naka kaɗai ba ne, rabinsa yana jikin kowane ɗa naka, saboda haka ya kyautu a yi shawara a gida. Ni dai, in an amsa waɗannan tambayoyi da gaskiya, ina ganin yarda ta fi ƙi. Maganin da ake ba yaranmu yau, yaran waɗansu ne aka koya a kansu.

Kada kuma mu ruɗi kanmu. Karatun rubutun jiki bai isa yawancin asibitocinmu ba tukuna, inda ya isa kuwa da tsada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da yara 80 cikin 100 masu ciwon daji suna warkewa, a ƙasashe matalauta da yawa kuwa ba su kai 30 ba. Ba rashin sanin MYC ne ya kawo wannan rata ba. Zuwa a makare ne, da kuɗin magani, da nisan hanya, da iyayen da ke ɗauke yaro bayan allura ta biyu domin sun ga kumburin ya sace. Kumburin yakan sace da wuri, amma saura yana ciki, in ya dawo kuwa ya fi wuyar magani. Sai a cika alluran da likita ya ƙayyade duka.

Akwai kundi guda wanda ba ya bukatar kwamfuta, yana kuwa hannun tsofaffin gida. Wace ce a dangi ta yi ciwon mama, ko kumburin ciki, tana da shekara nawa? Ta wajen uwa ce ko ta wajen uba? Gama kuskuren BRCA yana bi ta wurin uba kamar yadda yake bi ta wurin uwa, namiji ma da ya gaje shi yana cikin haɗarin dajin mafitsara, watau na prostat. A tambayi kaka tun tana da rai, a rubuta a bayan katin asibiti ko a littafin da ake rubuta ranakun haihuwa. In mata biyu ko uku na jini ɗaya sun yi ciwon, balle in kafin shekara 50 ne, sai 'yan'uwansu mata su faɗa wa likita, su riƙa zuwa ana duba su ko da ba su ji kome ba.

Yaro kuwa mai kumburin kunci ko na ciki wanda ke ƙaruwa kowace safiya, ko wanda haƙoransa suka soma girgiɗi ba lokacin famfara ba, kada a tsaya cire haƙori ko tsaga. A kai shi asibiti a makon nan, a roƙa a tura shi Shika, inda za a ɗauki ɗan yanki a duba a madubi a faɗi sunan ciwon.